Jar Laka a Baƙin Ruwa

Da hantsi anka tsamo mani ɗana daga ruwan Kainji. Tanimu, autana, wanda ya iya iyo tun bai iya ɗaura wando ba. Masu jefa birgi, ragar nan ta kamun kifi, sunka gan shi kife cikin ciyawa, ƙasan gonar albasar Jacob, jirginsa na yawo gefe babu kowa ciki. Ina bakin banda ina juya kifi na ji kururuwa. Ko mayafi ban ɗauka ba. Da na isa maza sun kewaye shi, wani na cewa a tare tsohuwa kar ta gani. Na ture shi. Ni na haife shi, wa zai hana ni gani?

Ƙeyarsa a fashe take.

Wasu sunka ce dorina ce. Wasu sunka ce santsi ya ɗebe shi ya bugu da bakin jirgi. Sai wani daga baya ya ce, "To ba Jacob ne ya ce zai yi maganinsa ba ranar kasuwa?" Shi ke nan. Magana ta bar bakin mutum ɗaya ta shiga bakin gari.

Tungar Kanya ba ta da girma. Mu masunta muna bakin ruwa, su Jacob manoma suna bisa tudu, wasunsu na zuwa coci, wasu na bin abin da kakanninsu sunka bari. Bayan gari kuma ga ramukan masu haƙar zinare da sunka cika mu shekarun nan. Da mu da mutanen tudu rijiya ɗaya muke sha. Amma kafin a dawo daga maƙabarta samarinmu sun kamo Jacob sun farfasa masa baki. Mai gari ya ƙwace shi da ƙyar ya kulle a ɗakin zaurensa. 'Yan sanda sunka zo daga Wara sunka zauna bakin ƙofar, su ma idonsu na kan taron, don kowa ya san in an fito da shi ba zai kai mota ba. Samari sunka ce da an yi sadakar uku za su hau tudu da fetur. Mutanen tudu kuwa sunka kwashe mata da yara, anka ce suna gyaran kibau.

Ban taɓa jin gari ya yi shiru irin na ranar nan ba. Ko awaki ba a saki ba.

*

Masu wankan gawa sunka aiko da rigarsa. Halimatu, matarsa, ta kasa taɓa ta, sai kuka. Na karɓa na jiƙa a farar roba da ruwan rijiya, na matse, na shanya. Aljihun ya yage tun daga sama. Cikin ɗinkin na ji wani abu mai tauri, na ciro, dalmar birgi ce guda, irin wadda ake matsawa a bakin raga don ta nutse. Da safen jiya na gan shi yana ɓanɓaro su daga tsohon birginsa yana cika aljihu. Na ƙulle ta a bakin zane. Ruwan wankin kuwa na manta da shi, masu gaisuwa sun cika gida.

Da la'asar na zo zubarwa. Ruwan ya kwanta, samansa garau. Ƙasan robar kuwa ga laka ja wur, kauri kamar kunu, ƙarƙashinta wani baƙin yashi mai ƙyalli.

Na tsaya ina kallo.

Duk wanda ya girma bakin gulbin nan ya san ruwa biyu gare mu. Akwai farin ruwa na damina, mai kama da gasara, wanda sai mun jefa alimun ko dakakken ƙwayar zogale a randa kafin gwiɓarsa ta sauka mu sha. Akwai baƙin ruwa na lokacin sanyi, wanda ke tahowa daga ƙasashe masu nisa, ya riga ya sauke lakarsa a hanya, ya iso mana garau har kana ganin kifi. Baƙin ruwa muke ciki. Ka wuni cikinsa da riga, ba abin da zai kwanta maka a roba. To ina ɗana ya samo jar laka?

Na motsa ruwan, na cika wata kwalba na tura ƙarƙashin gado. Sannan na fita ƙofar gida inda maza ke zaman makoki, na faɗa da ƙarfi, don ni ban iya raɗa ba.

"Ɗana ba a gulbi ya mutu ba! Kawo shi anka yi!"

Sanusi ne ya taso. Mai ramin zinare ne, abokin Tanimu tun suna yara, shi ya kawo buhun shinkafar makoki, shi ya shiga kabari ya karɓi gawa. Tun safe bai gusa daga tabarmar nan ba.

"Inna, ki yi haƙuri, ki koma ciki. Zafin rashi ne."

"Zafin rashi ne ya zuba laka a robata?"

"Wace roba, Inna?"

Na faɗa masa. Na faɗa wa kowa.

*

Da gari ya waye na hau babur zuwa Wara. Mata na ta salati wai uwar mamaci ta bar tabarma. Su yi ta yi. Na ji an ce Zaidu mai bin sawu yana kasuwa, ya biyo shanun sata tun daga Shanga. Na same shi rumfar mai shayi, siririn mutum mai furfura a gemu, ido ɗaya ya yi fari. Na nuna masa kwalbar da na ɓoye a zane. Ya girgiza ta, ya ajiye bisa benci, ya ci gaba da shan shayinsa.

"Kai, ɗan nan, magana nike maka!"

"Na ji ki, Inna Dudu. Ita ma kwalbar magana take, bari ta ƙare."

Muna kallo baƙin yashi ya fara sauka, sai ja mai tsakuwa-tsakuwa ya hau kansa, sai mai laushi ya tsaya yana yawo ya ƙi sauka. Ya kanga kwalbar da rana.

"Wanga dutse ne da inji ya niƙa," in ji shi. "Gulbi bai niƙa dutse haka. Tashi mu tafi."

Da munka iso gida, robata na kife tsakar gida, an ɗauraye ta tas. Halimatu ta ce tana ɗaki cikin takaba, ta ji motsi ta ɗauka ni ce. Jikin katangar zana ga sawun takalmin roba, dogon nan na masu shiga rami. Wanda ya kashe mani ɗa ya shigo har inda jikokina ke wasa, da rana tsaka. Na kwashe yaran na tura ɗakin uwarsu na ce ta sa sakata.

Zaidu ya duƙa kan sawun ya daɗe. Ya ce, "Duk mai haƙa irin takalmin nan gare shi. Ya gaya mana unguwa, bai gaya mana gida ba."

*

Mai gari ya bar mu munka shiga wurin Jacob. Yana zaune ƙasa, leɓe ya kumbura, yana ganina ya fashe da kuka.

"Mama, wallahi ban taɓa shi ba."

"Ka ce za ka yi maganinsa ko ba ka ce ba?" in ji Zaidu.

"Na ce. Ya ja jirgi ta kan irin albasata, na zage shi, ya zage ni. Wa bai taɓa zagin Tanimu ba? Amma mun shirya. Shi ya zo har gona ya same ni."

"Ya ce maka mi?"

"Ya ce ciwonmu ɗaya. Ruwan wankin zinare da ke biyo rafi yana kwanta mani a gona, in ya bushe kamar siminti, albasa ba ta huda shi. Shi kuma ya cike lungun da kifi ke ƙwai, kifi ya gudu. Munka yi da shi ranar kasuwa mai zuwa za mu Wara mu kai ƙara a hana su sako ruwan. Ya ce zai fara zuwa ya gaya masu baki da baki, don kar su ce ya ci amanarsu."

"Wa zai gaya wa?"

"Bai ce ba. Masu wanki a rafin nan uku ne. Peter, da Sanusi, da wani Bazamfare."

Muna fitowa samari sunka taso mana. Ɗaya na riƙe da galan. Ya ce, "Inna, mi ya ce? Ya amsa?" Na ce masa in ya kuskura ya ƙyasta ashana da sunan ɗana ban yafe ba duniya da lahira. Ya ja baya, amma galan ɗin bai ajiye ba.

*

Zaidu ya ce in zauna gida. Na ce ya zauna shi. Munka bi rafi daga inda ya faɗa gulbi munka yi sama. Rafin da na sani da farin yashi ya koma jan kwata. Tun da anka tsamo gawa mai gari ya hana aiki sai an share makoki, injuna duk shiru, ruwan ya tsaya tafki-tafki, laka ta kwanta sumul kamar an shafe daɓe.

Can ya tsaya ya nuna da sanda. Sawun takalmin roba, ya lume sosai, ya nufi gulbi.

"Dubi, Inna. Kullum in sun yi wanki, sabuwar laka na biyo ruwa ta rufe duk sawun da ke nan. Ga na kwanakin baya can, duk sun cike, sai alama. Wanga kuwa bakinsa kaifi, ba abin da ya kwanta cikinsa. An taka shi bayan an kashe inji wankin ƙarshe. Kuma mai shi ya ɗauko abin da ya kai nauyinsa."

Na san abin da ya ɗauko.

Gaba kaɗan wata ƙaya ta riƙe wani koren zare. Ya ciro ya murza.

"Kafet," in ji shi.

Masu wankin nan suna shimfiɗa kafet cikin kwararo na katako, su sako niƙaƙƙen dutse da ruwa ta kai. Laka ta wuce, mai nauyi ya maƙale a gashin kafet. In an tashi sai a naɗe kafet a wanke cikin duro, a bari ya kwanta, sannan a tace da kwano. Cikin abin nan anka naɗe mani ɗa kamar tabarma.

A wurin wankin ba kowa sai Peter, yana ɗaure kaya a babur. Ɗan tudu ne, ɗan ƙanwar Jacob. Yana ganinmu ya daskare. Hannunsa naɗe da tsumma, jini ya ɓullo.

"Ina zuwa?" in ji Zaidu.

"Yelwa, Baba. Wurin 'yar'uwata."

"Ana makoki kana gudu? Mi ya sami hannu?"

"Bel ɗin inji ne. Baba, ku bar ni in tafi, gobe ƙone mu za su yi!"

Na riƙe kan babur ɗin. Na ce, "Kai ne? Dube ni, kai ne?" Ya kasa haɗa ido da ni. A raina na gama yanke masa hukunci. Kafet ɗinsa kore ne. Amma Zaidu ya zagaya ya dawo ya ce na ukun duk kore ne, dila ɗaya anka yanko. Ya zare makullin babur ɗin ya sa aljihu. Sannan ya leƙa durorin nan uku, kowanne cike da ruwa an rufe da kwano an ɗora dutse. Bai taɓa ko ɗaya ba.

"Mai zinare na iya yar da rigarsa," in ji shi. "Kafet ɗin da ya sha wankin wuni guda kuwa, ko mi anka naɗe ciki, ba ya iya jefa shi gulbi. Zai dawo da shi ya wanke."

Ya roƙi ɗan sanda guda ya zo ya tsare wurin.

*

Da anka shafa fatihar sadakar uku, kafin samari su miƙe, mai gari ya ce kowa ya biyo shi rafi. Anka zo da Jacob tsakanin 'yan sanda. Mutanen tudu sunka tsaya can bisa dutse da kwari da baka, namu na nan ƙasa da adduna. Ni ina tsakiya. Na san in abin nan bai fito ba, kafin azahar akwai gawa fiye da ta ɗana.

Zaidu ya ce masu duro su tsaya kowa bayan nasa. Ya ce da ni, "Inna, kawo abin da ke bakin zanenki." Na kwance dalmar na ba shi. Ya ɗaga.

"Masunta, da mi kuke matse dalma a birgi?"

"Da haƙori," in ji su.

"Wa ya san haƙorin da ya ciji wagga?"

Anka miƙa ta hannu zuwa hannu. Gurbi biyu ne da rata a tsakani. Wani tsoho ya ce, "Wushiryar Tanimu ce." Ni ban buƙaci a gaya mani ba. Haƙoran nan sun cije ni ina ba shi nono.

"Aljihunsa cike yake da irinta, ya yage," in ji Zaidu. "Ba su gulbi, don ba can ya yage ba. Dalma ta fi yashi nauyi, ta fi laka. In ta shiga ruwa ita ke fara isa ƙasa, sauran su rufe ta. Wanda ya wanke kafet cikin gaggawa a jan ruwa ba zai gan ta ba."

Ya fara da duron Peter. Ya karkata shi a hankali, ruwan bisa ya tsiyaye garau. Ya kwashe laka mai laushi da ƙwarya, sai yashi, sai baƙin yashi. Samari sun matso, na ji ana kwance murfin galan. Peter ya durƙusa yana kiran Yesu. Zaidu ya juye gwiɓar ƙarshe a kwano ya baza da yatsa. Ɗan ƙyallin zinare, shi ke nan.

Na Bazamfare ma haka.

Ya dafa na uku. Sanusi ya ɗora hannu bisa murfin.

"Malam Zaidu, wahalar wunina ce a ciki. Ka zubar wa mutane da nasu, ni ba za ka zubar mani ba."

"Ko ƙwaya ba ta faɗi ba, ɗan'uwa. Tambaye su."

"Ranka shi daɗe," ya juya wurin mai gari, "ni fa na sa Tanimu a kabari. Inna, ki gaya masu! A gidanki na ci tuwo na girma!"

Na ce, "Ɗauke hannunka."

Ya dube ni. Na ga idonsa. Tun kafin a buɗe na sani.

Ruwa ya tsiyaye. Laka ta fita. Yashi ya fita. Da Zaidu ya juye na ƙarshe, sai munka ji ƙwal, ƙwal, ƙwal a cikin kwano. Ya ɗauraye ya ɗaga sama. Dalmomi ne cike da tafin hannu, zinare ya manne masu kamar gero, kowacce da cizon ɗana.

Sanusi ya zauna cikin laka daɓas.

"Tura shi kawai na yi," in ji shi. "Ya ce sai ya kai mu Wara, na ce ya bari damina ta faɗi, ya ƙi. Na tura shi, ya faɗa ramin wanki ya bugu da dutse. Wallahi, Inna, ban yi nufi ba."

"Da ka tura shi, ba ka yi nufi ba. Da ka naɗe shi fa? Da ka kai shi ƙasan gonar Jacob? Da ka zauna ƙofata kana kallo ana dukan bawan Allah, kana miƙa wa mutane shinkafa?"

Samari sunka yi kansa. Ni na tsaya gabansa, ni da ya kashe wa ɗa, na ce wanda ya taɓa shi ya taɓa ni. Ba tausayi ba ne. Ba na son ya mutu cikin rububi a ce gari ya kashe shi, magana ta watse. Ina son ya tsaya gaban alƙali ya maimaita abin da ya faɗa, da bakinsa, a rubuta.

Yaron nan mai galan ya ajiye shi a hankali bayan dutse. Anka kwance Jacob. Ya zo ya durƙusa gabana, na ce ya tashi ya je ya kira matansu su dawo gida.

*

Sanusi na tsare, shari'a na tafiya yadda take tafiya, yau a ɗaga, gobe a ɗaga. Dangin Sanusi sun zo mani da dattawa, da goro, da malami. Wai in yafe, ƙaddara ce, ya bar ƙananan yara. Tanimu tsofaffi ya bari? Injuna kuma sun koma aiki, rafi na nan ja yadda yake. Ƙarar da ɗana bai kai ba, ni da Jacob mun kai ta, kuma za mu koma.

Duk ranar zama ina hawa babur da kwalbata. A bakin ƙofa nike girgiza ta har ta yi ja, in shiga in dasa ta bisa benci kusa da ni, inda zai gani in an shigo da shi. Wani ma'aikaci ya taɓa cewa, "Iya, fitar da wannan ƙazantar." Na ce masa daga rigar ɗana ta fito, ya zo ya fitar da kansa in ya isa. Bai zo ba.

Kafin a kira sunanmu ta kwanta. Baƙi a ƙasa, ja a bisa, ruwa garau a sama. Sanusi bai taɓa iya kallonta ba. Ni kuwa ba na ɗauke ido.